Katin da Ka Tafi Nema

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake. Inna tana gaishe ka. Mu ma muna nan lafiya, gwargwadon lafiyar da ake samu a Isa a wannan zamani.

Ban san inda kake ba, kuma damina uku ke nan lambarka ba ta shiga. Shi ya sa na ɗora takardar a shafina inda kowa zai gani. 'Yan ƙasarmu suna da yawa a Agadas da gaba da Agadas. Wataƙila wani ya karanta, ya tuna ya taɓa zama da wani dogon Bagobiri mai wushirya wanda ba ya gajiya da zancen kwamfuta, ya miƙa maka wayarsa. Na san da wuya. Amma akwai maganar da ba ni da ikon yankewa ban gaya maka ba, kuma maganar kwamfutarka ce: ko in ci gaba da ajiye kayanta, ko in ba da su. Ka yi haƙuri in tuna maka abin da ka riga ka sani, don waɗanda za su karanta kafin ta iso gare ka su fahimta.

Kana ajin ƙarshe na sakandare a Sabon Birni, kana zaune gidan Kawu Isiya, aka kawo mini ƙararka cewa kullum bayan la'asar kana shagon wasan kwamfuta na bakin tasha. Na hau mota takanas da niyyar in ja maka kunne. Na same ka kana buga wasan ƙwallo da wani ɗan acaɓa, na tsaya bayanka ina jiran ka gama in fara faɗa. Ban ankara ba sai na ji muryata tana cewa ka buga ta hagu. Da muka fito ka dube ni kana dariya ka ce, "Yaya Malam, wanga abu fa mutum na irinmu yay yi shi. Mu mi ah hana mu?" Na koma gida ban yi faɗan ba.

Daga ranar ka ƙulla shirinka. Kwamfutar wasa haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinmu, amma ka ce in aka sayi sassanta daban-daban aka haɗa da hannu, talaka ma yana iya samu. Za mu kama ɗaki kusa da tashar Isa. Da safe ɗalibaina su koyi aiki da ita, da yamma matasa su biya su yi wasa, kai kuma ka samu sana'a a gida ba sai ka bi sahun masu fita ba. Ni da nake koyar da darasin kwamfuta da alli da allo, ka san yadda maganar ta shige ni.

Ka yage takarda daga littafin darasina ka rubuta abubuwa bakwai. Akwati. Madabod, wato babban allon da ake dasa kowane sashe a kansa. Furosesa, wadda ka ce ita ce ƙwaƙwalwa. Ram, inda inji ke riƙe aikin da yake kai. Ma'ajin bayanai. Fawa mai raba wuta. Na bakwai ka ja masa layi biyu: katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ido ke gani a wasa. Ka zaunar da ni kamar ni ne ɗalibin. Ka ce mai ƙaramin ƙarfi rabin kuɗinsa ga kati zai sa, sauran ya lallaɓa. Ka zaɓi furosesa wadda ba ta iya fitar da hoto da kanta, domin ta fi arha, tunda dai kati na zuwa. Ka ce ram sanda biyu ƙanana sun fi babba guda. Ka kuma ce ko'ina ana iya tsuke hannu ban da wurin fawa, domin in ta banza ce, ranar da za ta mutu ba ita kaɗai take tafiya ba.

Duk wannan daidai ne, Sanusi. An tabbatar mini daidai ne. Inda muka kuskure ba ya cikin takardar.

Ba mu da kuɗin a dunƙule, sai muka yi abin da muka taso muka ga ana yi. Ka tuna yadda Baba, Allah Ya jiƙansa, ya gina ɗakin kwano a garinmu Kamarawa. Wata kaka ya sayi bandir ɗin kwano ya tura ƙarƙashin gado. Wata kaka katako. Wata kaka ƙofar ƙarfe, wadda ta yi shekara biyu jingine a zaure muna lilo da ita. Ranar da kaya suka cika aka kira magini, kuma babu abin da ya lalace. Muka ce mu ma haka za mu yi, kowace kaka sashe guda ko biyu. Inna ta sa albarka, ta ce ita ma haka aka tara mata kayan ɗakinta, kwano ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ga aibi a ciki, har ni mai takardar shaidar koyarwa.

Kakar farko muka tafi Sakkwato tare da kuɗin geronka. Madabod muka je saye, muka saya. Muna fitowa ka hango wani akwati mai gefen gilashi da fitilu masu canza launi, ƙafarka ta ƙi gaba. Kai da ka yi mini wa'azin kada a sa kuɗi ga ado! Na tuna maka, ka ce, "Yaya, in yara ba su ga haske ba, mi za shi jawo su?" Kuɗin motarmu kawai ya rage, a cinyarka ka riƙo shi har gida. Inna ta zagaya shi ta leƙa ta gilashin ta ce, "To, wanga kabad ɗin, tasoshi za a jera ciki ko tangaran?" Kwana uku tana kiranka amarya.

Kaka ta biyu ka sayi furosesa. Shekarar ce aka daina zuwa gonakin nesa saboda 'yan bindiga, sai na bayan gari, abin da aka samu bai kai rabin na da ba. Shi kuwa kati kullum ka duba farashinsa sai ka ga ya ƙara nisa. Na gan ka zaune bakin rumbu da waya a hannu, ka ce a wannan tafiyar sai ka yi jika kafin ka riƙe shi. Na ce mu rage buri mu sayi ƙarami na hannu. Ka ce ƙarami ba ya ɗaukar wasannin da ke kawo mutane, kuma ba ka son buɗe shagon da za a yi wa dariya.

Bayan sallar layya ka ce za ka arewa. Na hana, Inna ta yi kuka, ka yi kwana biyu kana lallashinmu ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi na raka ka tasha. Ka sa ƙafa ɗaya a mota ka juyo ka ce, "Shekara guda, Yaya. Kai ka ji da ƙananan sassan, ni za ni zo da kati." Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Ban rungume ka ba, saboda ɗalibaina suna wurin, ina jin nauyi.

Ka kira daga Maraɗi, ka kira daga Agadas. Bayan wata huɗu ka turo saƙon murya daga wani wuri da ba ka faɗi sunansa ba, iska na kaɗa maganarka. Ka ce kana aikin gini, ka ce a gaida Inna, ka ce in yi maza in sayi ram kafin ya ƙara tsada, takardar tana cikin akwatin. Shi ne na ƙarshe.

Na ji da ƙanana, kamar yadda ka ce. Noma ya tsaya, sai na koma tsakura daga albashi. Da na je sayen ram mai shagon ya ce akwai sabon samfuri da ya fi wanda ka rubuta sauri. Na ƙara kuɗi na saye shi, ina ta murna a mota cewa na yi maka abin da ya fi wanda ka roƙa. Fawa kuwa Kawu Isiya ne ya kawo daga Maraɗi cikin kayan fataucinsa, rubutun jikinta da Faransanci. Da na ɗaga ta na ji ba nauyi kamar busasshiyar ƙwarya, gargaɗinka ya faɗo mini. Amma Kawu ya ce gudummawarsa ce ga ɗansa, ya ƙi karɓar ko sisi. Ka san ba a cewa Kawu kayansa ba su da kyau. Na yi godiya na ajiye. Ma'ajin bayanai na hannu na samu a wurin wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Madabod ɗinka na sha kai shi aji. Na gaji da zana shi a allo, sai in ciro shi daga kwalinsa in ba layin gaba, ya bi hannu hannu har layin baya. Da ka ga idanunsu, Sanusi. Wata rana wani ɗan murfin roba da ke tsakiyarsa ya ɓace, ban ɗauke shi komai ba. Sannan ranar da muka taso daga Kamarawa, da safe kowa na ɗaure abin da zai iya ɗauka, na sa kwalin tsakanin bayana da Inna a kan mashin, akwatin gilashin kuma na ɗaure shi a baya da roba. Hanyar ka san ta. Muka sauka Isa a ɗakin haya mai yoyo, ya yi damina biyu a can saman sif.

Kati ne kawai ban saya ba. Sau biyu ina samun na hannu da ɗan sauƙi, in tsaya in dube shi in wuce. Naka ne. Gani nake in na saya, kamar na ce ba ka zuwa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ɗalibaina na ajin ƙarshe. Jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta ake yin ta, su kuwa madannai na kwali na yanka musu, na rubuta haruffa da biro, suna dannawa a kan benci. Na bara sun je, waɗansu sun san amsa sarai, lokaci ya ƙare musu suna kokawa da linzami, wato maus. Na kasa haɗa ido da iyayensu. Sai na ce bari in kai kayanka a haɗa, in nemi wani tsohon kati ko wane iri wanda zai nuna hoto kawai, a matsayin aro, kafin naka ya iso.

Makon jiya na kai su Sakkwato wurin wani mai gyara, Lukman, Bayarabe ne amma haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa kauri. Ka san wasan Gobirawa da Yarabawa, yana ganin tsagar fuskata ya ce, "A'a, yau bawana na yaz zo gaishe ni?" Na ce ubangidansa dai ya zo duba ko yana aiki. Muka yi dariya, na baje masa kayan a tebur.

Ya fara da ram. Ya ɗora shi a ramin madabod ya nuna mini wata 'yar tsaga da ba ta zo daidai da haƙorinta ba. Ya ce sabon samfuri ne, allon kuma na tsohon zamani, ko da guduma ba ya shiga. Ya ɗauki fawar Kawu ya girgiza ta kusa da kunnensa ya ce ko rediyon kakarsa ba ya sa wa ita. Sannan ya jawo madubin ƙara girma ya ce in leƙa inda murfin nan ya ɓace. Wurin zaman furosesa ne. Ƙananan allurai ne jere, da yawansu sun kwanta kamar geron da iska ta bi ta kansa, gefe guda kuma tsatsa ta ci. Ban sani ba ko hannun ɗalibaina ne, ko hanyar Kamarawa, ko yoyon ɗaki. Ko wanne ne, a hannuna ya faru.

Ya tambaye ni yaushe aka sayi allon, na ce shekara biyar. Ya ce me ya hana a haɗa tun lokacin. Na ba shi labarin kwanon Baba. Ya yi dariya har ya dafa tebur. "Gobirawa! Kun ɗauka ɗaki na kuka ginawa? Kwano shina jiran mai shi, malam. Wagga ba ta jiran kowa." Ya ce kuɗin ake tarawa, ba kayan ba. In sun cika a sayi komai cikin mako guda, a haɗa, a kunna, wanda bai yi ba a mayar wa mai shago tun yana gane fuskarka. Ya ce kowace shekara masu ƙera su suna canza ramuka da haƙora, wanda ka saya bana ba lalle ya gaisa da na baɗi ba.

Yana tattara kayan ya ga takardarka a cikin akwatin. Ya karanta ta tun daga sama har layi biyun da ka ja. Ya ce, "Wanda yar rubuta wannan ya san abin da shikai. Ina shike?" Na kawar da kai gefe. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ninke ta yadda take ya miƙo mini da hannu biyu. Bai ƙara tsokanata ba har na bar shagon.

Ga abin da ya ce. Ana iya tayar da ita har yanzu, amma sai an nemo wani tsohon allo irin wancan, a canza ram, a sayi fawa ta kirki, a sayi kati. Ko an yi haka, batirin hasken rana na makarantarmu ba ya ɗaukar ta awa biyu. Na lissafa a raina na ga aikin shekara biyu ne ko fi, kafin nan kuma abin da ya rage mai kyau ya tsufa shi ma. Ko kuwa ya karɓi akwatin da furosesa da ram da ma'ajin, ya ba ni tsohuwar kwamfutar ofis mai aiki, da allon kallonta da madannai da linzami, wadda ba ta cin wuta. Na tambaye shi ko tana yin wasa. Ya ce tana yin karta. Ya ba ni zuwa Asabar, domin akwai mai son akwatin.

Na dawo da kayan gida na gaya wa Inna. Na zaci faɗa za ta yi a kan asarar. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Hamisu, gadon ɗana kaka son rabawa da ranshi?" Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba, amma tana faɗa na san shi ne abin da ya hana ni barci tun a Sakkwato. A garinmu ba a taɓa kayan wanda ya yi tafiya. Rigarsa tana nan a rataye, gonarsa a noma masa, akuyarsa ta haihu a ce tasa ce. Ranar da aka fara fitar da kayan mutum daga ɗaki, kowa ya san abin da gidan ya haƙura da shi.

Kwana biyu ba ta yi mini maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na je makaranta na raba madannan kwali kamar kullum. Jiya da na dawo bayan azahar na tarar ta sauko da akwatin da kanta, ta goge gilashin, ta naɗe shi da zanenta na zuwa biki, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce ta ji 'ya'yan maƙwabta suna haddar inda haruffa suke kamar masu tilawa. Ta ce, "Ɗauki ka kai ma Bayarabenka. In Sanusi ya zo, ni za shi tambaya, ba kai ba." Ta shige ɗaki ta saki labule. Ban bi ta ba.

Saboda haka ranar Asabar za ni shiga motar farko. Na so in ce ina jiran izininka, amma ƙarya ce, kuma ban saba yi maka ƙarya ba. Na san Asabar za ta zo ta wuce wayata ba ta yi ƙara ba. Ina gaya maka ne don kada a ce an yi ba ka sani ba.

Ka yafe mini, Sanusi. Ka bar mini ƙanana, su ma ban iya riƙe su ba. Shagon bakin tasha ba za a buɗe shi ba. Ko da an buɗe ban san wa zai shiga ba, abokan wasanka duk sun watse, wasu Sakkwato, wasu kudu, wasu ta hanyar da ka bi. Ɗalibaina za su taɓa linzami na gaske kafin jarrabawa, wannan kaɗai na iya cetowa. Ko za su ci, ko in sun ci akwai mai kai su, ban sani ba. Ina shiga aji da fara'ata kamar da, domin ba su da laifi, amma na daina yi musu alkawari.

Saura magana ɗaya. Wani lokaci ina tunanin ko kana nan da ranka, kunya ce ta riƙe ka, ka ce shekara guda ga shi an yi uku ba kati. In haka ne, ka ji da kyau: babu sauran inda za a sa shi. Kada ka saya. Kada ka ƙara kwana ɗaya a ƙasar mutane saboda shi. Ka taho hannu rabbana, da rigar da ke jikinka, ka tambayi gidan Malam Hamisu a bayan makaranta. Babu mai tambayarka abin da ka kawo.

Wannan shi ne tunanin da nake yi in ina son in samu in ci abinci. Sauran tunanin ba za ni rubuta shi ba, Inna tana sa a karanta mata abin da na ɗora.

Allah, in Sanusi yana bisa ƙasa, Ka ciyar da shi, Ka suturta shi, Ka haɗa shi da masu tausayi, Ka juyo da fuskarsa gida tun Inna tana gani. In kuwa Ka riga Ka karɓe shi, Ka sa an samu wanda ya yi masa sutura da salla, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da Baba cikin rahamarKa. Mu kuma Ka ba mu labari, ko wane iri ne. Amin.

Wassalam.

Yayanka mai ƙaunarka,
Hamisu,
daga Isa.